Neman shawara: yadda ake raba aiki mai haɗari tsakanin sojan sa kai da na dole

Tambaya: Assalamu alaikum malamaina. Idan ƙaramin hafsa ya sami runduna gauraye, wasu sun shiga soja da kansu a matsayin sana'a, wasu kuma doka ce ta kawo su na shekara ɗaya ko biyu, yaya zai raba musu aiki mai haɗari? Gaskiya ne na dole sun fi tsoro?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka cire maganar tsoro daga kanka tukuna. Na sa kai ya sa hannu da idonsa a buɗe, ya san albashinsa da fanshonsa da diyyar da iyalinsa za su samu idan ta Allah ta kasance. Haɗarin yana cikin cinikin da ya ƙulla. Shi kuwa na dole ba a tambaye shi ba, karatu ko sana'a ya ajiye, kullum ƙirga kwanaki yake. An ga haka a Vietnam, inda sojan ƙasa na Amurka ke yin wata 12 a fage: da zarar saura 'yan makonni, mutum sai ya fara noƙewa daga duk abin da zai hana shi komawa gida. Don haka kada ka sa wanda sallamarsa ta kusa a gaban sintiri.

Amsa ta biyu: Yallabai, fara da dokar ƙasar. Jamus, kafin ta dakatar da aikin dole a 2011, ba ta tura irin waɗannan sojoji waje sai wanda ya amince ya ƙara wa'adi da kansa. Faransa ma ba ta kai su yaƙin Gulf na 1991 ba. Jama'a sukan jure asarar ɗan da aka ɗauka don kare gida, amma ba sa yafe ta a yaƙin nesa.

Amsa ta uku: Ni a ganina horo ne gishirin maganar. A Finland wa'adin kwana 165 ne, ko 255, ko 347, gwargwadon aikin da aka ba mutum. Kwana 165 ya isa a koya wa kurtu bindiga da gadi da tonon rami, bai isa ya sa hannu ya riƙa aiki da kansa lokacin da harsashi ke wucewa ta kunne ba. A yaƙin Falkland na 1982, Ajantina ta tura samari da yawa masu ɗan gajeren horo cikin sanyi da ƙarancin abinci, suka fuskanci ƙwararrun Birtaniya. Wasunsu sun yi tsayin daka, amma jagoranci da kayan aiki suka ci amanarsu.

Kwance nakiya, leƙen asiri da kai farmakin dare, bar wa ƙwararru. Gadin sansani da jigilar kaya, bar wa na dole, amma ka haɗa kowane uku ko huɗu da gogaggen kofur mai kwana tare da su. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ware su rukuni guda a jibga musu aikin wahala. Nan take gaba ke shiga, ranar artabu kuma ba mai yarda da wani.

Amsa ta huɗu: Ƙari kaɗan, Malam. A Isra'ila aikin na dole ne, amma samari na rububin shiga rundunoni na musamman, har sai an tace su. Ko ɗan zaɓi kaɗan ka ba mutum, ka kuma faɗa masa dalilin aikin da ranar da za a canje shi, za ka ga ya ɗauki haɗarin da hannu biyu.