Neman shawara: ina dawowa daga Gujungu da dare a kan keke, yaya zan yi direbobi su riƙa ganina?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sana'ar busasshen barkono da kuka da kuɓewa, kowace Lahadi ina cin kasuwar Gujungu, kuma keke ne abin hawana. Kafin in tattara kaya in karɓi kuɗina a hannun masu cewa sai kasuwa ta tashi, magariba ta yi, wani lokaci ma sai na yi isha'i nake kama hanya. Ƙauyenmu yana ɓangaren Taura, dole sai na ɗan bi kwaltar Kano zuwa Haɗeja kafin in sauka burji.

Ina da tocilan ta goshi mai caji, tana haska mini rami da tsakuwa sosai. Amma makon jiya wata bas ta kusa kwashe ni ta baya. Direban ya tsaya ya sauko jikinsa yana rawa, ya rantse bai gan ni ba sai da ya zo kaina. Na yarda da shi, domin na ga tsoron a fuskarsa. Ina da iyali, wannan keken ne abincinmu. Wasu sun ce in rataya faifan CD a baya, wasu sun ce farin kaya ya isa, wani kuma ya ce in riƙa bin ɗaya hannun ina fuskantar motoci don in ga abin da ke tahowa. Kuɗin hannuna kaɗan ne. Me zan fara saya, kuma wace shawarar ce daidai?

Direban bas, layin Haɗeja:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara tsarewa, ɗan uwa. Bari in faɗa maka abin da muke gani daga cikin mota, don mai keke bai cika sani ba. Tocilan ɗin goshinka kai take yi wa aiki. Ni da nake bayanka ba na ganin ko ɗigon haskenta, sai duhu da buhu. Fitilar mota idan tana dim ba ta wuce wajen mita 50 a gaba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa kuwa tana cin kusan mita 28 a sakan ɗaya, kuma daga lokacin da na gan ka zuwa lokacin da mota za ta tsaya cak sai an ci fiye da mita 70, a kan busasshiyar kwalta da birki mai kyau ke nan. Ka lissafa da kanka. Idan sai fitilata ta dira a jikinka zan gan ka, to lokaci ya riga ya ƙure, abin da ya rage mini in kauce, idan akwai wajen kaucewa.

Mafi munin lokaci shi ne sa'ad da muke giftawa da wata mota, musamman wanda ya ƙi rage ful. Na rantse maka a wannan 'yan sakan ɗin ba ma ganin gefen titi ko kaɗan, kuma nan ne kake. Sai kuma dab da magariba ga mai nufar Kano, rana tana cikin idonsa, gilashi duk ƙura. Saboda haka abin da za ka fara saya jar fitila ce ta baya. Jan haske ko ƙarami ne muna hango shi daga nesa, ƙafa tana sauka daga totur tun kafin mu san mene ne. Ja a baya, fari a gaba, kada ka juya su, domin farin haske a wurinmu yana nufin abu yana tahowa ne.

Mai gyaran keke, Ringim:

Maganar direba haka take. In ƙara da batun CD, tunda ni nake ɗaura wa mutane shi idan sun matsa. Faifan CD kamar madubi yake, hasken da ya faɗo masa yana watsa shi ne wani gefen, sai an yi dace ya juya daidai idon direba ya ɗan yi walƙiya ya ɓace. Sitika mai sheƙi, irin ja da fari da kake gani a bayan tirela da tankar mai, aikinta daban. An yi ta ne don ta mayar da haske inda ya fito, wato wajen direban da ya haska ta. Masu kayan mota suna yankawa su sayar. Ka manna a ƙarfen da ya rufe tayar baya, da ƙafafun kariya, wato wurin ɗora kaya na baya, da bayan feda. Ka riƙa goge ta da tsumma, ƙura tana kashe ta.

Amma ka sani, sitika ba ta da hasken kanta. Babur ɗin da ya taho ba fitila, ko motar da ido ɗaya ya mutu, ba abin da za ta amfane ka da su. Shi ya sa ba ta maye gurbin jar fitila, haɗa su ake yi.

Kuma kuskuren da na fi gani ga 'yan kasuwa: a sayi fitila a ɗaura ƙarƙashin sirdi, sannan a jibga buhu a kariya ya rufe ta ruf. Ka gama ɗaure kayanka tukuna, sannan ka maƙala fitilar a bayan buhun, ka koma baya 'yan taku ka duba da idonka ko tana fitowa. Dainamo, wato ɗan injin da juyawar taya ke sa shi ba fitila wuta, yana da kyau don ba ya neman caji, sai dai da ka tsaya ya mutu, a hawan tudu kuma haskensa ya yi rauni. Idan kana da shi ka bar shi, amma kada ka dogara da shi kaɗai.

Wani dattijo daga Gezawa:

Yaro, wanda ya ce ka fuskanci motoci, shawarar mai tafiya a ƙasa ya ba ka. Mai ƙafa yana iya tsalle ya faɗa ciyawa, kai da buhu a baya ba za ka iya ba. Tun 1972 da ƙasar nan ta koma tuƙi a hannun dama, keke ma nan ne hannunsa. Idan ka bi kishiyar hanya, gudunka da na motar haɗuwa suke yi, lokacin kaucewa ya ragu. Wanda zai fito daga kwana kuma ba ta nan yake duba ba. Ka tsaya a damarka. In ka ji babbar mota a baya ga wata a gaba, ka sauka daga kwalta ka ba su wuri, ba abin kunya ba ne.

Wata uwa daga Jahun:

Malam, sannu da wannan firgici, Allah ya kiyaye gaba. Yarana biyu da keke suke zuwa makarantar dare, sai sun tsallaka titi. Na saya musu rigar nan mara hannu mai sheƙi, irin ta jami'an kiyaye haɗurra da masu aikin hanya, ana ɗora ta a kan kowace riga. Sai babansu ya kawo wata dabara: ya yanko ƙyallen mai sheƙi ya kai wa tela ya ɗinke shi da roba, suna sa wa a idon sawu. Na tsaya a bakin titi na gani da idona da mota ta haska su. Rigar tana haske, amma ƙafafun nan da ke hawa suna sauka su ne ke nuna maka mutum ne a kan keke, ba allon hanya ba. Kuma robar tana kama bakin wando, sarƙa ba ta cin sa. Farin kaya ya fi baƙi, gaskiya ne, amma farar rigar da ta wuni a kasuwa ba fara ba ce da dare.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na ji, zan tsaya a dama. Hajiya, rigar nan buhu zai rufe rabinta, amma na ƙafa zan kai wa tela gobe in sha Allah. Saura abu ɗaya: jar fitilar da na gani a shago tana da mai ƙiftawa da mai tsayawa. Wanne zan riƙa kunnawa?

Direban bas, layin Haɗeja:

Mai ƙiftawa ta fi saurin jawo ido kuma ba ta cin caji, amma a duhu sosai tana wahalar da mu wajen gane nisanka. Mai tsayawa ta fi nuna mana inda kake. Da magariba, gari bai gama duhu ba, ka sa mai ƙiftawa. In dare ya yi ka mayar da ita mai tsayawa, ko in hali ya samu ka sayi ta biyu, ɗaya haka ɗaya haka. Tocilan ɗin goshi kuma ka sunkuyar da ita ƙasa kaɗan, don idan ka ɗaga kai ka dubi mai tahowa kana kashe masa ido.

Ga hunturu yana tafe. Ranar da hazo ya sauka, sitika da riga ƙarfinsu raguwa yake, domin hasken motar sai ya ratsa ƙura ya je ya kuma ratso ya dawo. Irin wannan ranar ka kunna jar fitilar tun la'asar sakaliya, kuma ka sa ta a caji tare da wayarka tun daren Asabar. Idan hazon ya yi kauri har ba ka hango bishiyar da ke gabanka, ka bar sauran bashin sai wata Lahadin, ka kama hanya da sauran rana.