Year list da Hausa: ƙidaya ce, dami ne, ko jeri?

Jama'a, ina neman taimako kan wata kalma. Masu kallon tsuntsaye suna da wata al'ada: ranar 1 ga Janairu mutum zai buɗe sabon shafi, ya riƙa rubuta kowane irin tsuntsu da ya ci karo da shi har 31 ga Disamba, sannan ya ja layi ya haɗa jimilla. Sabuwar shekara na kamawa, a koma sifili. Turawa suna ce wa wannan year list. Shekara uku ke nan ina yi, amma har yau in aka tambaye ni me nake rubutawa sai in shiga kame-kame.

Kafin kowa ya jefo tasa, bari in faɗi yadda abin yake. Iri ake ƙirgawa, ba kai ba. In ka ga balbela ɗari biyar a bayan garken shanu, ɗaya za ka rubuta, kuma ko kullum kana ganinta har ƙarshen shekara ba za ta ƙara maka komai ba. Sannan sai tsuntsun yana raye kuma yana kan kansa, ba a hannun kowa ba. Kanarin da ke cikin keji a shagon tela bai shiga ba, haka tantabarun maƙwabci da zabin da aka ɗaure za a kai kasuwa. Na uku, ba alƙali. Kai ka gani, kai ka rubuta. In ka yi ƙarya kanka ka cuta.

Shawara ta farko da ta shigo ita ce "ƙidayar tsuntsaye". Malam, na gode, amma wannan sunan yana da mai shi. Ƙidaya kai take bi, kamar ta jama'a, kuma akwai aikin da ya amsa sunan sosai. A 1900 wani masanin tsuntsaye na Amurka, Frank Chapman, ya ba da shawarar a bar gasar harbin da ake yi ranar Kirsimeti a koma ƙirga tsuntsayen suna raye, kuma har yau ana yin wannan ƙidayar duk shekara. A nan gida ma akan ƙirga tsuntsayen ruwa a watan Janairu a dausayin Haɗeja da Nguru, a ce agwagwa iri kaza an ga dubu kaza. Wannan ita ce ƙidaya. In muka ba wa namu sunanta, ranar da za mu yi maganar biyun a jimla ɗaya za mu rasa yadda za mu raba su.

"Lissafin shekara" kuwa, ina jin sa sai in ga akawu da littafin kuɗin shiga da na fita. Mu wuce.

Wata 'yar uwa ta kawo "ganin shekara", har na ɗan karkata, don yana da daɗi a baki. Sai na tuna da yautai, tsuntsun daren nan da aka fi jin kukansa a kan ganinsa. A ƙa'idar da yawancin masu wannan harka ke bi, in ka ji kukan tsuntsu ka gane shi ba shakka, ya shiga, ko idonka bai sauka a kansa ba. Mujiyar da ke kuka a kan tsamiyar bayan gidanmu sau biyu kacal na taɓa ganinta, amma duk shekara tana shafina tun makon farko. Hajiya, in muka ce "gani" mun kori kunne, alhali rabin aikin da asuba kunne ne ke yin sa. Na san za ki ce ai "kallon tsuntsaye" ma haka yake. Gaskiyarki, sai dai wancan ya riga ya zauna, ba mu da yadda za mu yi da shi. Wannan kuwa yanzu muke raɗa masa suna.

Yanzu ga wadda ta fi ɗauke mini hankali, kuma ba daga ɗan boko ta fito ba. Ƙarshen Disamban bara na je gida, ina zaune a gindin rumbu da hantsi, madubin hangen nesa a wuya, ɗan littafina a gwiwa, ina bin layi da biro ina haɗa jimilla. Baffana yana gefe yana gyaran ƙotar fartanya. Ya daɗe yana kallona, sai ya ce, "Kai kuma bashin wa kake bi?" Na ce, "Baffa, tsuntsayen da na samu bana nake haɗawa." Ya tambaya ko kama su nake yi, na ce a'a. Ko sayarwa, na ce a'a. Ya yi shiru, ya buga ƙotar a ƙasa sau biyu, sannan ya ce, "To, dami nawa ka ɗaure?" Na faɗa masa. Ya ce, "Na bara fa?" Na faɗa. Ya ce, "Ashe bana ta fi."

Ku duba, bai san eBird, manhajar masu kallon tsuntsaye, ba, bai taɓa jin wani year list ba, amma cikin tambaya biyu ya kama zuciyar abin. Manomi yana ƙirga damin geronsa shekara-shekara, kowace damina daga sifili yake farawa, kuma da na bara yake auna na bana, ba da na maƙwabci kaɗai ba. Ba mai tsaya masa a kai lokacin ƙirga. Shi ya sa na kwana biyu ina ce wa abin "damin bana", har abokan tafiyata suka ɗauka.

Sai wani dattijo a cikinku, wanda ya daɗe yana koyar da Hausa, ya taka mini birki. Ya ce dami tarin abu ɗaya ne. Dami hamsin na gero, gero ne tun daga na farko har na ƙarshe, yawa ake nema. Namu kuwa bambanci ake nema, kowane layi dole ya saɓa da na samansa. Allah ya ƙara girma, Malam, wannan magana ba ta da amsa. Matsalar da ta kayar da "ƙidaya" ita ce ta kayar da "dami", kawai dai dami ya fi ta ado ne shi ya sa ban lura ba. Na janye shi daga rubutu. A baki kuwa ba zan fasa tambayar abokaina dami nawa suka ɗaure ba, raha ce, kuma ta Baffa ce.

Abin da ya rage a faifai shi ne "jeri". Ba ta da ƙyalli, na sani. Amma jeri abubuwa ne daban-daban da aka sa ɗaya bayan ɗaya, kamar jeren amarya: ba a cika kabad da kwano iri ɗaya a ce an yi jere. Kuma ga inda Hausa ta fi Turanci sauƙi a nan. Mu muna da bana, bara da baɗi, kowacce kalma guda. Don haka sunan abin gaba ɗaya shi ne jerin shekara, wanda kake kai yanzu jerin bana, wanda ka rufe jerin bara, wanda kake buri jerin baɗi. "Jerin bana ya kai nawa?" "Ya wuce na bara da bakwai." Ba wanda zai ji wannan ya ce fassara ce. Kalmar "bana" da kanta ta riga ta gaya maka cewa abin zai ƙare a sake sabo.

Wani ya tambaya wace shekarar, ta Musulunci ko ta Miladiyya? Ta Miladiyya ake bi, kuma akwai dalili bayan bin Turawa. Shekarar Hijira tana gaza ta rana da kusan kwana 11, tana zagaya damina da rani, tsuntsaye kuwa damina da rani suke bi. Shamuwa ba ta duba kalanda, hadari take dubawa. Wajen Afrilu zuwa Mayu take sauka a garuruwanmu ta yi sheƙa, ruwa na ɗaukewa ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Agwagin da ke cika dausayin Dagona na jihar Yobe lokacin hunturu kuma daga Turai da Asiya suke zuwa, kafin zafi ya tsananta sun juya. In kana son kwatanta jerin bana da na bara, dole shekarun biyu su ƙunshi damina ɗaya, rani ɗaya, hunturu a wuri ɗaya.

Tunda muna kai, akwai ɗan uwansa da suke kira life list, wato duk irin da mutum ya taɓa samu tun da ya fara, wanda ba a goge shi. An ce "jerin rayuwa", ni kuma na ji warin Turanci a jikinsa. An ce "rumbu", amma rumbu ana ɗiba har ya ƙare. Ni "kundi" na zaɓa. Kundin malami abu ne da ake tarawa shekara da shekaru, a sa sabuwar takarda a kan tsohuwa, ba a zubar da ko ɗaya. Tsuntsun da ya shiga kundinka karon farko kuma, a ce masa "baƙon ido".

Sai babbar, wadda har yanzu ban gamsu da sunan da muka samu ba. Akwai masu ajiye aiki da iyali su ba da shekara guda sukutum don jerinsu ya zarce na kowa, abin da Amurkawa ke kira big year. A can ya samo asali. Wani ma'aikacin banki, Guy Emerson, ya samu iri 497 a 1939 yana haɗa tafiyar aiki da bin tsuntsu. Roger Tory Peterson ya kai 572 a 1953. A 1973 Kenn Kaufman, yana ɗan shekara 19, ya zagaya Amurka da roƙon lif a bakin titi, kuɗin da ya kashe duk shekarar bai kai dala dubu ba, amma Floyd Murdoch ya sha gabansa da iri uku, ya tashi da 669. Sandy Komito ya kai 745 a 1998. Daga baya abin ya fita daga ƙasa ɗaya ya koma duniya: Noah Strycker ya samu 6,042 a ƙasashe 41 cikin 2015, shekara na zagayowa Arjan Dwarshuis ɗan ƙasar Holan ya kai 6,852, fiye da rabin irin tsuntsayen duniya, waɗanda yawansu ya kai wajen dubu 11. "Babbar shekara" ba ta ce komai ba, ana iya zaton shekarar aure ce ko ta Hajji. "Shekarar farauta" ta sa bindiga a inda babu. "Shekarar zarra" ce ta fi kusa, don niyyar mai yi ke nan, ya yi wa kowa zarra. Na riƙe ta da hannu ɗaya kafin wani ya kawo wadda ta fi.

Wanda ya ce mu bar wa masu kuɗi wannan harka, ɗan uwa, zarra ce ta masu kuɗi, jeri na kowa ne. Najeriya na da tsuntsaye sama da iri 900, kuma akwai cibiyar nazarinsu, APLORI, a dajin Amurum kusa da Jos, wadda ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen ƙasar da 'yan sa kai ke yi da wayoyinsu. Manhajar eBird, da aka buɗe a 2002 ƙarƙashin Jami'ar Cornell, kyauta ce, kai dai ka shigar da abin da ka samu ita za ta ware maka jerin shekara da kundi. Ni har yanzu biro da takarda na fi yarda da su, don ba sa neman caji.

Wahalar da za ta fi ba mai jeri da Hausa ba ta sunan jerin ba ce, ta sunayen da ke cikinsa ce. "Kurciya" kalma ɗaya ce, amma a unguwa ɗaya za ka iya samun iri uku ko huɗu da duk kurciya muke ce musu: ƙaramar nan mai ɗige-ɗige a ƙirji da ke kiwo a tsakar gida daban, masu baƙin zobe a ƙeya daban, su ma ba iri ɗaya ba ne. Bardo da hasbiya dai sun tsira da sunayensu. "Zalɓe" ma haka, mai toka-toka da mai baƙin kai duk suna ɗaya. A littafina sai in rubuta "kurciya" in bi ta da siffa. Kuma don Allah mu riƙa cewa iri ko nau'i, mu bar "jinsi", don yanzu kowa ya ji jinsi namiji da mace yake tunawa.

To, ga inda muka tsaya: jerin shekara, da 'ya'yansa jerin bana da jerin bara. Kundi ga na tsawon rai. Zarra tana jiran mai ƙalubalantarta. Nawa jerin banan da kurciyar tsakar gida ya buɗe, hankaka na biyu, hasbiya ta uku a kan rufin masallaci, kuma na bar layi ɗaya babu komai da sunan shamuwa a gefe, sai ranar da na ga ta sauka a kan kukar bakin kasuwa zan sa kwanan wata.