Musayar Waƙa: Abin da Yaƙi Ya Bar wa Bosniya da Turai

Malam Na-Zaure

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk ranar 11 ga Yuli ake jana'izar waɗanda aka tantance ƙasusuwansu daga kisan ƙare dangin da sojojin Sabiyawan Bosniya suka yi wa Musulmin garin Srebrenica a 1995. Har yanzu ba a gama binne su ba. Ga baitocina, mai amsa ya amsa.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai rayarwa, Mai kashewa,
Shi ne Masanin abin ɓoyewa,
Har ƙashin da ke ƙasan Bosniya.

Tsira ga Manzo abin koyi,
Da ya ce a tausaya wa bayi,
Ko a fagen fama, in an yi,
Ban da tsoho, mace da 'ya'ya.

A '93 aka ce wa gari,
Majalisar Duniya ta yi tsari,
Ku aje makami, ku bar shiri,
Tutarmu ce za ta zam kariya.

Sojan Holan aka ba gadi,
Gari ƙanƙane, ba shi da faɗi,
Ba gishiri, ba abin daɗi,
Dubbai sun cunkushe, ba hanya.

Ran 11 ga watan Yuli,
A '95, da rana a fili,
Janar Mladic na Sabiyawa ya shigo da mugun hali,
Masu gadin suka sunkuya.

Mata da yara aka sa mota,
Uwa na riƙe da hannun ɗanta,
Aka fizge shi daga gefenta,
Wai tambaya ce, zai biyo baya.

Fiye da 8,000 a kwanaki,
Malami, manomi, makaniki,
Ɗan makaranta da mai aiki,
Aka harbe, aka binne gaba ɗaya.

To 'yan'uwa, ga tambayata:
Ƙasar da aka kashe mazanta,
Wa zai nome mata gonarta?
Wa zai riƙe gida da zuriya?

Ɗan Damagaram

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansu da rahama. Malam, ni ɗalibinku ne, amma ina ganin akwai wurin sa rai.

Malam, na ji kukanka, na ɗauka,
Amma Turai ta saba farfaɗowa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya fi wannan,
A yawan ɓarna da yawan mutuwa.

Tarayyar Sobiyet kaɗai ta rasa
Miliyan 27, ba dawowa.

Warsaw, kashi 85 na gininta
Sojan Hitler sun bi da rusawa.

A Berlin mata suka ja layi,
Bokiti hannu da hannu suna miƙawa,

Suna kankare jikin tsohon bulo,
Don a sami na sake ginawa.

Ingila da ta ci yaƙin ma,
Sai da kati abinci ke samuwa,

Sai 1954 aka yar da katin,
Shekara tara bayan gamawa.

Amurka ta zo da shirin Marshall,
Dala biliyan 13 tai ta zubawa.

Faransa da Jamus, abokan gaba,
Kan kwal da ƙarfe suka fara haɗuwa.

Yau jikokinsu na ratsa iyaka,
Ba kasafai ake tsayar da su ba don dubawa.

In har Jamus ta tashi daga toka,
Bosniya ma na tafe, sai jurewa.

Hajiya Mai Tarihi

Ɗana na Damagaram, sannu,
Lissafin naka duk ya ganu,
Gini da kuɗi ai ya ginu,
Bulo na ɗaukuwa da hannu,
Wanda aka kashe bai dawo ba.

Polan kafin a soma yaƙi,
Yahudawa sun daɗe, sun wuce baƙi,
Tela, likita da masaƙi,
Miliyan 3 aka kashe ba haƙƙi,
Unguwanninsu ba su sake cika ba.

Je ka Salonika ta Girka,
Tashar jiragen ruwa, in gaya maka,
Ran Asabar ba lodi, ba sauka,
Don Yahudawa ke riƙe da harka,
Kusan 50,000, ba a bar su ba.

A '43 aka cika taragu,
Aka kai su Auschwitz gungu-gungu,
Bisa umarnin Hitler mugu,
'Yan ƙalilan ne suka ragu,
Da suka koma, ba su sami gidansu ba.

Maƙabartarsu aka rushe ta,
Aka kwashe duwatsun cikinta,
Jami'a ce yau a filinta,
Ɗaliba na wucewa da jakarta,
Wa ke ƙasa, ba lalle ta sani ba.

Miliyan 6 jimlar Yahudawa,
Ga ƙabilar Roma da ake mantawa,
Ga naƙasassu, an kashe da yawa,
Jamusawa miliyan 12 masu gudowa,
Shirin Marshall bai biya wannan ba.

Kuma ɗana, ka tuna kuɗin Marshall ɗin a yammacin Turai suka tsaya. Polan da ta fi kowa shan wuya ba ta ga ko sisi ba, don Stalin ya hana ƙasashen gabas karɓa.

Baban Ummi

Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗan kasuwa ne, ta ƙofar kasuwa zan shigo. Sarayebo, babban birnin Bosniya, ta yi kwana 1,425 a kewaye, daga Afrilun 1992 zuwa Fabrairun 1996. Ga yadda aka ci aka sha.

Birni a kwari, tsaunuka sama,
Igwa a kansu tana ta fama,
Ba wuta, ba famfo, ba noma,
Ɗebo ruwa sai mai ƙarfin imani.

Kuɗin ƙasa ya zam takarda,
Sai kuɗin Jamus ake yarda,
Ko karan sigari, in ka tarda,
Shi ne canjin wannan zamani.

Hunturu ya zo da ƙanƙara,
Bishiyun titi aka sara,
Kujera da ƙofa aka ƙara,
Har littafi, don a dafa na yini.

Kasuwar Markale tana cike,
Kowa da ɗan abin da ya riƙe,
Bam guda daga nesa aka sake,
Mutum 68 aka sa a likkafani.

Sai aka haƙa rami a ɓoye,
Mita 800, mutum a sunkuye,
Buhun fulawa a baya a goye,
Ta ƙasan filin jirgi zuwa birni.

Abin da na sani a sana'ata,
Masana'anta in an rufe ta,
Mai saye ya manta ƙofarta,
Ko an buɗe, ya riga ya sami wani.

Malam Na-Zaure

Baban Ummi, abin da ka kawo,
Shi ya sa dole in dawo,
Akwai wani babban ciwo,
Wanda ya wuce asarar dukiya.

Da hoton sama ya tona asiri,
Makasan suka sa katafila a kabari,
Suka kwashe gawa zuwa wani wuri,
Ƙashin ƙane ya gauraya da na yaya.

Gawa ɗaya a rami uku,
Gaskiya ce nake gaya muku,
Ku auna wannan a zukatanku,
Kafin ku ce an wuce, an shirya.

Uwa ta je ta ba da jini,
A gwada da ƙashin da aka gani,
Shekara goma tana jiran sani,
Sai a kira daga Tuzla: an sami ɗaya.

Wata ƙashi biyu aka ba ta,
Aka ce iyakar abin ɗanta,
Ta binne yanzu ko ta dakata?
Ta ce a binne tun tana duniya.

A Potocari, daura da masana'anta
Ta batir, da Holan ta mai da barikinta,
Fararen duwatsu sun jeru gabanta,
Suna 8,372 aka sassaƙa, ku jiya.

Matan da suka koma ƙauyensu,
Su ke noma, su ke kiwonsu,
Ba miji, ba ɗa, ba ƙannensu,
Sunan gidan ya yanke daga zuriya.

Ɗan Damagaram, ka riƙe wannan lissafin ma. Kafin yaƙi gundumar Srebrenica na da mutum kusan 37,000, ga ma'adinai, ga masana'antu, ga ruwan magani na Guber da baƙi ke zuwa sha. Ƙidayar 2013 mutum 13,000 da 'yan kai ta samu.

Ɗan Damagaram

Malam, Hajiya, na ji, na rusuna,
Amma ku bar ni da 'yar ƙarawa.

Gadar Mostar, ginin 1566,
Da igwa ta daka a '93 har faɗuwa,

A 2004 aka mai da ita da dutse,
Samari na dira daga kanta cikin ruwa.

Masallacin Ferhadija na Banja Luka,
Da aka dasa wa nakiya don shafewa,

A 2016 aka sake buɗe shi,
Ladan ya kira, sahu na cikowa.

Kotun Duniya a 2007 ta ce
Ƙare dangi ne, ba ta ɓoyewa.

Mladic da shugabansa Karadzic na kurkuku,
Rai da rai ne, babu fitowa.

A 2024 Majalisar Duniya ta ware
Ran 11 ga Yuli don tunawa.

Iyayena, duk wannan ba komai ba ne?
Ni dai ina ganin alamar warkewa.

Malama 'Yar Zazzau

Hajiya, na ari amsa-amonki, a gafarce ni. Ƙanena na Damagaram, zuciyarka mai kyau ce, kuma duk abin da ka lissafa ya faru. Amma Mostar ɗin da ka ambata, daga 2008 sai 2020 aka sake zaɓen ƙaramar hukuma a cikinta, saboda 'yan siyasar Kuroshiyawa da na Musulmi sun kasa daidaitawa kan yadda za a yi shi.

Ƙanena, gada kam an gyara,
Baƙi na zuwa da kyamara,
Amma ka je ka tambayi yara,
Gabas da yamma, shekara da shekara,
Wasu ko sau ɗaya ba su ƙetara ba.

Ni malama ce, abin ya dame ni:
Makaranta biyu a rufin gini,
Ƙofa daban, ko a raba yini,
Kowa da tarihin da zai sani,
Ba su taɓa zama benci ɗaya ba.

Yarjejeniyar Dayton ta kashe wuta,
Wannan kam ba mai musanta,
Amma ƙasar biyu ta raba ta,
Shugaba uku ke juya ta,
Muciya uku, tuwon bai tuƙu ba.

Rai 100,000 yaƙin ya ci,
Miliyan 2 suka gudu cikin ƙunci,
Yau kuma ga zaman banza da talauci,
Nas da injiniya na neman abinci
A Jamus, ba su ga dalilin zama ba.

Miliyan 4.4 kafin a fara,
A 2013 da aka sake ƙirga jama'a tara-tara,
Miliyan 3.5 aka tarar, ba ƙara,
Ga nakiyoyi a gona cikin kara,
Manomi bai isa ya sa garma ba.

Kuɗin da 'yan waje ke aikowa,
Shi ke riƙe tsoho da tsohuwa,
Gida sabo, fenti na haskawa,
Sai da hutu ake buɗewa,
Jikokin ba su iya yaren sosai ba.

Kotu ta yanke, na yarda,
Ga ƙashi, ga hoto, ga shaida,
Amma hukunci na kan takarda,
A Belgrade har bango aka ƙawata da
Hoton Mladic, ba su ji kunya ba.

Sai 2021 aka yi doka,
Mai musun kisan, kotu ta ɗauka,
Jagororin Sabiyawa suka ce ba haka,
Suka ƙaurace wa majalisa da harka,
Dodik, jagoransu, bai yarda ƙare dangi ne ba.

Baban Ummi

Malama, Allah ya saka da alheri, kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi, wato tafiyar matasa. Ana cikin jinyar Bosniya sai ga wata wutar a Turai ɗin dai.

A '22 da Rasha ta afka,
Matan Yukren suka ɗau jaka,
Maza aka tsare su da doka,
Fiye da miliyan 6 na ƙasar wani.

Yaron da ya shiga aji a Polan,
Ya yi abokai, ya iya yaren can,
In an ce gobe a koma gida nan,
Zai bi uwa, ko zai ce a bar ni?

Alkama ta maƙale a Odesa,
Jirgi ya kasa fita da kayansa,
Mai gidan burodi ya ƙara kuɗinsa,
Har teburin mai shayi abin ya zo, na gani.

Sauran baitocin Yukren sai bayan na tashi daga kasuwa gobe, in Allah ya kai mu. Ɗan Damagaram, ka shirya, kai nake so ka fara karɓa.