Takardar da ake ɗaura wa akwati a jirgin ruwa: wane suna za mu ba ta?

Assalamu alaikum, masu harshe. Na kawo ƙoƙon barata. Ina fassara wani bayani ne kan tafiya a jirgin ruwan shaƙatawa, irin manyan nan da ke kwasar dubban mutane su yi mako guda suna zaga teku, sai wata 'yar kalma ta tare mini hanya: luggage tag. Ina nufin takardar nan da ake ɗaura wa hannun akwati. Na rubuta "alama" na goge, na rubuta "shaida" na goge. Yau kwana biyu ke nan gurbin yana nan wayam.

Bari in fara faɗin aikinta, kada mu raɗa wa jariri suna ba mu ga fuskarsa ba. Bayan mutum ya biya kuɗin tafiya ya cike bayanansa ta intanet, kamfanin jirgin zai ba shi takardar ya buga da kansa. A jikinta akwai sunansa, da sunan jirgin, da ranar tashi, da lambar ɗakinsa, da benen da ɗakin yake. Wasu kamfanonin sukan ƙara harafi ko launi da ke nuna ko ɗakin yana gaban jirgin ne, ko tsakiya, ko baya. Sai ya ninke ta ta zama siririya, ya zagaya hannun akwatin da ita, ya liƙe bakin da salatif. Waɗanda suka saba tafiyar kuma sukan saka ta cikin wani ɗan kube na roba mai igiyar waya, saboda takarda tsirara ba ta jure ruwan sama da jan 'yan dako.

Ranar tashi, tun daga bakin tashar 'yan dako za su karɓe kayan. A tasoshin Amurka irin ta Mayami, mutanen nan ma'aikatan tasha ne, ba na jirgin ba. Za a haska akwatunan da na'ura, a jibga su cikin manyan keji na ƙarfe, motar ɗaga kaya ta cusa su ta wata ƙofa da ke gefen jirgin can ƙasa. A ciki akwai wata doguwar hanya ta ma'aikata da ta ratsa jirgin daga gaba zuwa baya, wadda a jirage da yawa suke yi wa laƙabi da I-95, sunan babbar hanyar mota ta gabashin Amurka. Daga nan ake rarraba kayan bene-bene, kuma kafin dare mutum ya tarar da akwatinsa a ƙofar ɗakinsa.

Ku duba girman aikin. Jirgin da ake kira Icon of the Seas, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Janairun 2024, tsawonsa ya kai kimanin mita 365, yana da ɗakuna 2,805, kuma idan ya cika maƙil yana ɗaukar mutum 7,600. Ko da kowa akwati ɗaya ya kawo, kun ga lissafin. Kuma a rana guda ake sauke na waɗanda suka dawo da safe, a loda na masu tafiya da rana. Wanda zai ɗauki akwatinka bai san ka ba, ba zai taɓa ganinka ba, ba ruwansa da mai kaya. Tambayarsa ɗaya ce: ina za a kai? Kalmar da nake nema ita ce wadda za ta riƙe wannan ma'anar.

*

Amsoshinku sun fara shigowa, bari in bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙanina, na ga ka ce mu bar wahalar da kai, mu ari "tag" ɗin kawai. Ni ba na gaba da aro. Tikiti da fasinja da kati duk baƙi ne da suka zama 'yan gida. Amma ka furta ta da bakin Bahaushe ka ji: "tak" za ta koma, mu kuwa muna da namu "tak" tun tuni. Akwati ɗaya tak da tak ɗaya tak? Ban da haka, masu Facebook sun riga mu kama kalmar, wanda ka ce wa "ka yi tag" wayarsa zai ɗauko.

*

Hajiya, Allah ya ƙara girma. Kin ce "alama" ta wadatar, tunda duk abin da aka sa wa kaya don a gane su alama ce. Gaskiya ne, kuma nan na fara tsayawa ni ma. Abin da ya ɗaga ni daga wurin shi ne akwai wata alamar daban a jikin akwatin, wadda ita ce ta fi cancanta da sunan: jan ƙyallen da mutum ya ƙulla a hannu, ko ɗigon fenti, ko wata ɗamara mai launi da ya zagaya akwatin da ita. Wannan mai kaya ne ya yi wa kansa, don ranar sauka idan aka jera ɗaruruwan baƙaƙen akwatuna masu kama ɗaya, ya hango nasa daga nesa. Ɗan dako ba ya karanta jan ƙyalle. Alama da mai kaya take magana, ita kuwa takardar da baƙo take yi. Idan na kira su da suna ɗaya, jimlar da ke cewa "ka sa wa akwatinka alama ko da ka riga ka ɗaura masa alama" ta zama shirme. Saboda haka na karɓi kalmarki, amma na ajiye ta ga ƙyallen.

*

Malam, Allah ya gafarta, a nan zan ɗan daɗe, don hujjarka ce ta fi ba ni aiki. Ka ce "shaidar kaya", domin takardar tana shaida cewa kayan na wane ne. A jirgin sama da na bi ka ido rufe. Can idan aka karɓi akwatinka, ana liƙa masa doguwar takarda mai haruffa uku na filin da za a sauka, da zanen layi-layi da na'ura ke karantawa, da lamba mai alƙaluma goma, sannan a yago wani ɗan guntu a ba ka. Dabarar ma ta girmi jirgin sama: a 1882 wani mutumin Kanada, John Michael Lyons, ya yi rajistar tikitin kaya mai rabi biyu, rabi a jikin kaya, rabi a hannun mai su. Wannan guntun na hannunka shi ne shaida ta gaskiya, shi za ka fito da shi idan kaya suka ɓata.

A jirgin ruwan shaƙatawa kuwa, yawanci ɗan dako ba ya ba ka komai. Ka miƙa, ya jefa cikin keji, ka wuce hannu rabbana. Shi ya sa masu wayo suke ɗaukar hoton akwatin da wayarsu kafin su rabu da shi, kuma fasfo da magani da kayan sawa na yinin farko ba sa barin jakar hannu. To idan na rubuta "shaida", mai karatu zai tsaya a bakin tasha yana jiran a ba shi rabinsa, rabin da babu shi. Kalmar za ta yi masa alkawarin da jirgin bai yi ba.

*

Baba, ka ba ni dariya har na sauke wayar. "Layar akwati"! Abin takaicin shi ne ta fi kowacce kama: rubutu ne a takarda, an ninke, an saka cikin kube, an rataya, kuma don tsari daga ɓata aka yi. Da da'irar zolaya muke, da an tashi taro. Amma ka yi tunanin mai karatu ya ci karo da "kamfanin zai aiko maka da layarka ta intanet". Na ajiye ta a aljihu, wata rana za ta yi amfani.

*

Mutum huɗu sun ce "katin kaya", kuma ita ce na so in miƙa wuya gare ta, don gajeriya ce kuma kowa zai gane. Matsalar tana cikin jirgin. Akwai wani kati na gaske, na roba, da ake ba kowane fasinja: shi ne makullin ɗaki, da shi ake sayayya, shi ake nunawa duk lokacin da za a fita ko a dawo. Kamfanin jirage na Royal Caribbean suna kiran nasu SeaPass, na Carnival kuma Sail & Sign. A bayanin da nake fassarawa, katin nan yana fitowa kusan a kowane shafi. Idan kati ya zama biyu, "kada ka rabu da katinka" da "ka miƙa katinka tare da kaya" za su yi karo a shafi ɗaya.

Wanda ya kawo "tambari" kuma, tambari na kamfani ne, ba ya canzawa daga akwati zuwa akwati. Amma ka tuna mini da zamanin manyan jiragen da ke tsallaka Atilantika, irin na kamfanin Cunard. A lokacin liƙawa ake yi da gam, kuma takardar tana faɗin ko ana buƙatar akwatin a lokacin tafiya, a kai shi ɗaki, ko ba a buƙata, a sauke shi rumbun jirgi sai an isa. Akwai kuma babban harafin farko na sunan mai kaya, domin a rumfar kwastan a ƙarƙashin haruffa ake jera su. Kun ga tun can umarni ne ga mai ɗauka.

*

'Yar'uwa, ke da kika rubuta kalma biyu kika tafi, "lambar kaya", ki dawo, ina jin ke kika kwance ƙullin. Da farko na raina ta, na ce ai lamba ƙidaya ce. Sai na zauna na bi sawun kalmar. Ita ma daga Turanci ta shigo, amma ta yi girma a hannunmu ta wuce inda ta fito. Lambar mota: alƙaluman ne, kuma farantin ƙarfen ne, har ana cewa an kwance lambar, an ɗaura sabuwa. Lambar yabo: ratayawa ake yi a ƙirji, babu ko alƙalami ɗaya a jikinta. Lambar gida: ita ke kai baƙo ƙofar da yake nema. Abu ne da ake ɗaurawa, mai ɗauke da rubutu, mai nuna wa wanda bai san ka ba inda zai dosa. Duk ukun da nake nema suna cikinta, kuma ba mu ƙirƙiro komai ba.

Na gwada ta a baki. "Ka buga lambar kayanka tun daga gida." "Ɗaura wa kowane akwati lambarsa." "Lambar ta tsinke a hanya, shi ya sa akwatin bai iso ɗaki ba." "Idan ka manta, 'yan dako suna da wadda ba a cike ba, su rubuta maka da hannu." Babu inda harshe ya yi tuntuɓe.

Aibinta ɗaya, kuma Malam ya riga ya cafke shi: lambar kaya tana ɗauke da lambar ɗaki, lamba cikin lamba. Na yarda akwai nauyi. Sai dai aikatau yana raba gardama. Lambar ɗaki haddacewa ake yi, lambar kaya ɗaurawa ake yi. Ba wanda zai ji "ta tsinke" ya zaci lambar ɗaki, kamar 9214, ce ta tsinke.

*

Wani ya tambaya, ta ranar sauka fa? Madalla da tambaya, don takarda ce daban. A ƙarshen tafiya mai kula da ɗaki zai ajiye maka sababbi, masu launi ko alƙalami ko duka biyun. Waɗannan ba su nuna ɗaki, rukuni suke nunawa: waɗanda jirgin samansu zai tashi da wuri launinsu daban, waɗanda ba su da gaggawa nasu daban. Ka cire tsohuwar, ka ɗaura sabuwar, ka fitar da akwatin ƙofar ɗaki a daren ƙarshe, yawanci kafin goma ko sha ɗaya. Ma'aikata su kwashe cikin dare, da safe ka same shi a zauren tasha inda aka jera launinku. Kuma a bar kayan sawa na safe a waje kafin a rufe akwati, don akan samu wanda ya tattara komai ya wayi gari da rigar barci kaɗai. Mai iya jan kayansa da kansa ba ya buƙatar ko ɗaya, kuma su ake fara sallama.

A nan ma lamba ta yi mana rana, don tana haihuwa ba wahala: "lambar shiga" ta farko, "lambar sauka" ta ƙarshe. Wani ya ce a ce "launin sauka". A magana za a faɗa, "ku wane launi ne?", amma wasu jiragen alƙaluma kawai suke amfani da su, launin ba zai rufe su ba.

*

Ga yadda na rubuta, na kuma tura: "Ka ɗaura wa kowane akwati lambar shiga kafin ka isa tasha, sannan ka sa masa wata alama taka da za ka gane shi da ita. Ba za a ba ka shaidar karɓa ba, don haka ka ɗauki hotonsa. A daren ƙarshe ka cire lambar shiga ka ɗaura ta sauka."

Malam ya ce shi dai yana nan kan "shaida" har gobe, na ce Allah ya bar mu da ku. Saura kalma guda ɗaya a shafi na gaba na fassarar. Idan na'ura ta hango dutsen guga ko kyandir a cikin akwati, ba a kai shi ɗaki, tsare shi ake yi a wani wuri can ƙasa sai mai shi ya zo ya buɗe a gaban masu tsaro. Fasinjoji suna yi wa wurin laƙabi na zolaya, wai ɗakin marasa ji. Baba, wannan naka ne, ina saurare.