Neman kalmar Hausa: me za mu kira "dépôt institutionnel" a rediyo?

Mai shirin ilimi: Salamu alaikum jama'a. Gobe da ƙarfe takwas na dare ina da shiri a kan abin da ɗakin karatu na jami'a yake yi wa malamai, don mutane sun ɗauka na ɗalibai ne kaɗai. Baƙuwata ma'aikaciyar ɗakin karatu ce, ta turo mini bayaninta da Faransanci. Na juya yawancinsa: aro wa malami littafi daga wata jami'a, ware littattafan da ya ce ajinsa ya karanta, koya wa masu mastar yadda ake kawo madogara. Abu guda ya tsaya mini: dépôt institutionnel. Wato wurin nan na intanet da jami'a take zuba abin da malamanta da ɗalibanta suka rubuta, tezi da memuwar (rubuce-rubucen kammala digiri) da maƙalu, kowa ya shiga ya sauke kyauta. Kafin azahar zan naɗi gabatarwa. Ku taimaka don Allah.

Na Bagalam: Wa alaikumus salam. Ma'ajiyar jami'a. Gajere ne, kowa zai gane.

Ɗiyar Tibiri: Yaya, in ka ce ma'ajiya, magaza za a hango, inda ake jibge karyayyun tebura. Taskar jami'a ta fi daraja.

Na Bagalam: Taska kuma ai sai a zaci ofishin kuɗi ne.

Baba mai ritaya: Ku yaran nan kuna ta kewaye alhali kalma tana bakin ƙofa. Rumbun tsimin sani. Shekara 34 na yi ina karantarwa, ban ga abin da ya yi kama da wanga abu ba kamar rumbun tsimi. Kowa shi kawo damensa, a tara wuri guda, ranar buƙata gari duka shi ci. Ɗana, rubuta shi haka ka huta.

Malamin noma: Baba, a gafarce ni. Rumbu na yarda, tsimi ne matsalar. A ƙauyukan Dakoro da Mayayi, rumbun tsimi sunan bankin cimaka ne. Yana da kwamiti, yana da kwado, ba a buɗe shi sai hatsi ya yi tsada, wanda ya ɗiba kuma sai ya biya. Wannan kuwa dare da rana a buɗe yake, mutum dubu su ɗiba bai ragu da ƙwaya ba. Ni na san zafin rashinsa. Lokacin da nake shirya darasi a kan jar akuyar Maraɗi, na ji labarin wani tezi da aka yi a kanta. Mota na hau, sama da kilomita 600 har Yamai, na kwana biyu, na same shi a ƙasan wani kabad, gara ta cinye shafukan ƙarshe, daidai inda jadawalin awon yake. Na yi fotokofin abin da ya saura na dawo. Akuyar tana ɗaure a gidan maƙwabcina, iliminta kuma sai na yi kuɗin mota. Don haka ba na son kalmar da za ta sa malami ya ji kamar an kulle masa aiki.

Baba mai ritaya: Tsimi ba rowa ba ne, tanadi ne. In ba a yi tsimin wancan tezi naka ba, mi za ka tarar? Kuma tun da munka zo nan, mi ya kawo "tezi" da "memuwar" cikin shirin Hausa? Kundi sunansa. Malamanmu na zaure da kundi sunka san shi.

Baƙo daga Kano: A nan Baba ya yi gaskiya, mu ma kundin digiri muke cewa. Amma ku lura, a wajenmu "rumbun adana bayanai" ya riga ya kama wani abu a harkar kwamfuta. Ku ce kawai sashen intanet na laburaren jami'a. Laburare ya zauna, yana cikin ƙamus.

Baba mai ritaya: Ya zauna ina? Ba dai Maraɗi ba. Laburare Turancin Ingila ne da ya sa hula. Mu bar na Faransa mu ɗauko na Ingila, mi munka yi ke nan?

Baƙo daga Kano: Ranka ya daɗe, ai bibiliyotek ɗin da ɗalibanku suke faɗa ma ba daga Daura ya zo ba. Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta, da ita aka buga Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939. Bai kamata kowane gari ya ƙera tasa ba.

Baba mai ritaya: Wa za a koya wa Hausa? Katsinawa sunka kafa garin nan, jikokin ƙasar Ɗan Marina da Ɗan Masani. Kuma tun Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ita ce harshen ƙasa a Nijar. In ba mu ƙera kalmominmu yanzu ba, yaushe?

Ɗiyar Tibiri: Gobirawa ma suna nan, Baba, kada a manta da mu. Amma bawan Allah nan azahar yake jira.

Mai kula da littattafai: Ni ce baƙuwar, an turo mini zancen. Malam mai shiri, abin da nake roƙo shi ne kada kalmar ta haɗa abu biyu. Akwai abin da muke samo wa malamai daga waje. Nijar tana cikin ƙasashen da cibiyoyinsu suke shiga Research4Life, shirin karanta mujallu da littattafan bincike na duniya ta intanet, kyauta in sun yi rajista. A cikinsa akwai Hinari na lafiya da aka buɗe a 2002, AGORA na noma a 2003. Wannan cin na wasu ne. Dépôt kuwa namu ne muke fitarwa. Malami ba ya hawa matsayi sai CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta haɗin gwiwar ƙasashen Afirka, ta duba rubuce-rubucensa, ita ma CAMES ɗin tana da irin wannan wuri, DICAMES. Amma da yawa suna tsoron kawo aikinsu, wai za a sace. Sai na zauna da mutum na nuna masa a allo cewa aikin yana shiga da sunansa da ranar da ya shiga, wanda ya kwafa ya fi saurin tonuwa. Aikinmu kuma ba zubawa kawai ba ne. Mu muke rubuta sunan marubuci, shekara, fanni da kalmomin nema, in ba haka ba ko an zuba ba mai gani. Ni rumbu ya yi mini, in za a ce a buɗe yake.

Malamin noma: To, buɗaɗɗen rumbun bincike na jami'a.

Na Bagalam: Ya yi tsawo. Kafin ya gama faɗa an sa talla.

Mai kula da littattafai: Ya faɗi cikakken sau ɗaya da farko, daga nan ya riƙa cewa rumbun bincike. Gaskiya mu a wurin aiki "depo" za mu ci gaba da cewa, bakinmu ya saba.

Baba mai ritaya: Ɗiyata, ke ma? Kuma bincike hanya ce, sani shi ne hatsin. Ba a zuba noma cikin rumbu, amfanin gona ake zubawa.

Baƙo daga Kano: Rumbun bincike zan iya ɗauka, sai dai a Kano dole a yi masa bayani.

Mai shirin ilimi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga abin da zan naɗa: "buɗaɗɗen rumbun bincike na jami'a" da farko, sannan "rumbun bincike". Tezi da memuwar na cire, na sa kundi kamar yadda Baba ya ce. Ɗakin karatu na bar shi ɗakin karatu. Saura libre accès, shi ma yana cikin takardar Hajiya sau huɗu.

Baba mai ritaya: Kundin dai ka kyauta. Sauran ban yarda ba, amma shirinka ne. Ni rumbun tsimin sani zan ci gaba da cewa, in an buɗe layi kuma zan kira in faɗe shi.

Ɗiyar Tibiri: Libre accès: ɗiba kyauta?

Malamin noma: Kyauta ga mai karatu dai. Wasu mujallun marubuci suke sa wa kuɗin bugawa, kuma ba kaɗan ba. Wannan sai mun zauna.

Mai shirin ilimi: An kira salla, na shiga ɗakin naɗi. Libre accès ɗin zan faɗe shi da Faransanci, Hajiya ta yi bayani.