Anagram da Hausa: juyi, tagwaye, zaurance ko lale?

Jama'a, masu buga Scrabble (wasan nan na haɗa kalmomi da haruffa a kan allo) da malaman Hausa, ku ɗan matso. Kalmar anagram nake so mu raɗa wa suna, don kullum sai ka ji yara suna hira da Hausa tsantsa, can a tsakiya wani ya ce "nemo anagram ɗinsa".

Ga wanda bai san abin ba: ka ɗauki haruffan kalma ɗaya, ba ƙari ba ragi, ka sauya musu mazauni su ba ka wata kalma. LISTEN, SILENT, ENLIST da TINSEL duk haruffa shida ne iri ɗaya. Ta farko saurara, ta biyu shiru, ta uku shiga soja, ta huɗu kuwa ƙyalƙyalin adon nan da Turawa ke rataya wa bishiyar Kirsimeti. Ma'anoninsu ko hanya ba su haɗa ba. Mu ma muna da irinsu jingim: gari da riga, ɗaki da kiɗa, ƙasa da saƙa, rago da gora.

A Scrabble kusan duk aikin ke nan. Haruffa 100 ne a jaka, 7 ne a gabanka, in ka zubar da bakwan nan a yi guda sai a ƙara maka maki 50. Shi ya sa gwanaye ke jera haruffa bisa tsarin abacada su haddace abin da ke fita ciki. Da sun ga AEINRST, sun san akwai RETAINS, NASTIER, RETINAS da STAINER, sai su duba wacce za ta zauna a allo. Ma'ana ba ta cika damunsu ba. Nigel Richards, mutumin New Zealand, ya ci gasar duniya ta Scrabble ɗin Faransanci a 2015 alhali ba ya jin Faransanci, hadda ce kawai. A wannan shekarar ce kuma Wellington Jighere ya ɗauko wa Najeriya kambun duniya na Turanci a Perth ta Ostireliya, ɗan Afirka na farko da ya yi haka. To wasan ba baƙo ba ne a ƙasar nan, sunayen kayan aikinsa ne har yanzu baƙi.

Cikin shawarwarin da aka kawo kan sunan anagram da Hausa, wadda ta fi yawa ita ce "juyin haruffa". Da daɗin faɗa, amma tana da matsala. Bahaushe in ya ji juyi, kifarwa yake gani, gaba ta koma baya. Wannan ya dace da STOP da POTS, inda aka karanto kalmar daga ƙarshe. LISTEN da SILENT kuwa ba juya su aka yi ba, cakuɗa su aka yi. Mu ajiye "juyi" don wancan nau'in, zai yi mana rana.

Wata malama ta kawo "tagwayen kalmomi". Malama, Allah ya ƙara ilimi, amma nahawu ya riga mu kama wurin: tagwan wasali ake ce wa ai da au. Ban da haka tagwaye biyu ne, AEINRST kuwa 'ya'yanta sun haura haka nesa.

Sai masu cewa ai zaurance ne. Na fi jin wannan a raina, don wasa ne namu na gado, har da salon da ake musanya gaɓoɓi. Sai dai manufar zaurance ɓoye magana ce, abin da ya fito ba dole ya zama kalmar da ke ƙamus ba. A anagram kuwa in abin da ka haɗa ba ya cikin ƙamusun Collins da ake gasa da shi, abokin karawarka zai ƙalubalance ka, ka kwashe haruffanka, yinka ya tafi a banza.

Nawa zaɓin shi ne "lalen haruffa". Ku dubi mai lale karta: katunan nan dai su ne, bai ƙara ko ɗaya ba, bai cire ba, jerinsu kawai ya sauya. Haka ɗan Scrabble yake yi da yatsunsa, yana tura wannan harafi nan, ya dawo da wancan can, har kalma ta bayyana. Kuma na ce haruffa ne da gangan, ban ce baƙaƙe ba, don a nahawu baƙi daban wasali daban, alhali lalen duka yake haɗawa.

Wani dattijo ya ce kalmar tana warin caca. Baba, da gaskiyarka ta wani ɓangaren, amma "a sake lale" ta daɗe da barin teburin karta. 'Yan siyasa na faɗa, 'yan kasuwa na faɗa, ba mai zarginsu da caca. Mai tsoron a rikita ta da lalle na ƙunshi ko lale marhabin kuma, kalmar haruffa da ke biye da ita ta raba gardama.

Gwajin da nake yi wa kowace sabuwar kalma shi ne ta shiga jimla ba tare da an dafa mata ba. "Kiɗa lalen ɗaki ne." "Lale haruffan nan ka ba ni kalma uku." "SILENT lalen LISTEN ce." "Wannan yaron ya iya lale." Duk sun zauna. Gwada haka da "tagwayen kalmomi" ka ji yadda harshe ke sarƙewa.

Abu ɗaya da za mu kiyaye in da Hausa ake lalen: sh da ts harafi guda ne kowannensu, ba a raba su, haka ƙ ba ta zama k. Saƙa lalen ƙasa ce, saka ba ta shiga ba.

Saura bingo, wato zubar da haruffa bakwai a yi guda. An fara kawo "zubin bakwai" da "share fage". Ni na fi karkata ga na farkon, amma a ci gaba da kawowa.