Abin da aka tsayar kan farfaɗo da Camaro ta 1969

An yi ta muhawara kan yadda za a gyara tsohuwar motar Chevrolet Camaro ta 1969 ta dawo daidai. Tunda maganar ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Tsatsa ce farko, a nan bakin kowa ya zo ɗaya. A duba ƙasan mota, cikin but da gindin gilashin baya kafin a biya kuɗi. A ɗora mayen ƙarfe a bodi. Inda ya ƙi kamawa, an cike wurin ne aka lulluɓe da fenti. Walda tukuna, fenti daga ƙarshe.

2. Birki kafin ƙarin ƙarfin inji. Da yawansu sun fito da birkin ganga, a mayar da na gaba na faifai.

3. Wayoyin da suka haura shekara 50 a cire su gaba ɗaya, haka ma robobin mai.

4. Kan inji aka rabu. Wasu sun ce a saka injin zamani na LS, wanda kamfanin General Motors ya fara sawa a motarsa Corvette a 1997: yana tashi bugu ɗaya, ba ruwanka da gyaran kafireta. Wasu sun ce a'a, muddin lambar da ke jikin injin ta dace da ta motar, musamman samfurin Camaro na Z/28 mai injin 302, cire shi zubar da darajarta ne. Ni dai na fi karkata nan. Masu tsaka-tsaki sun ce a canza, amma a adana tsohon, kada a yanka abin da ba zai mayu ba.

5. Giya biyar ko shida ta kamfanin Tremec na rage shan mai a babban titi. Mutum biyu sun ce tsadarta ta yi yawa.